Alamar Ruwa a Jikin Katanga: Fashin Baƙi Kan Fasahar Dijital Mai Tafiya da Jama'a

A ƙarshen daminar da ta wuce na je gaisuwa wata unguwa da ke bakin Kogin Kaduna, ta wajen Kabala, sai wani dattijo da nake kira Baba ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan gidansa. A jikin katangar akwai layuka uku da aka ja da gawayi, aka kuma bi su da ƙusa domin kada ruwan sama ya wanke su. Na ƙasa ya kai gwiwa, na tsakiya ya kai ƙugu, na sama kuwa ya kusa kafaɗata. "Ɗana, wannan na saman shi ne na 2003," in ji shi, "shekarar da muka kwana a ajin firamare da mu da awakinmu." Kowane layi yana da shekararsa, yana kuma da lissafin abin da ruwa ya ci a cikinta. Jikansa, wani saurayi mai gyaran waya, ya ɗauki hoton katangar, ya naɗi muryar kakan nasa, sannan ya gaya mini cewa yana so ya bi gida-gida ya tattara irin waɗannan alamomi da labaransu, ya nuna wa mutanen unguwa a wuri guda.

Abin da yaron nan yake shirin yi yana da gurbi a duniyar masu fasaha ta yau, ko da shi bai san da haka ba. Aiki ne da ake yi da na'urorin dijital, ana yin sa tare da jama'a, kuma maganarsa muhalli ce. A Hausa kalma ɗaya ce, fasaha, take ɗauke da gwanintar mai zane da ta mawaƙi da ta maginin da ke ƙawata soro, ita ce kuma muke amfani da ita idan muna zancen kwamfuta da intanet, mu ce fasahar zamani. Wannan haɗuwar takan rikita mai karatu a wasu wurare, amma a nan ta yi daidai, domin batun da ke gabanmu shi ne inda ma'anonin biyu suka gamu.

Da yawa idan suka ji an ce fasahar dijital, abin da ke zo musu shi ne hoton da aka zana a kwamfuta. Wannan yana ciki, kuma Najeriya tana da gwanaye a kansa, kamar Osinachi ɗan garin Aba, wanda yake zane da manhajar rubutu ta Microsoft Word, har gidan gwanjon Christie's ya sayar da ayyukansa a 2021. Sai dai fagen ya fi haka faɗi. Akwai mai aiki da sauti, irin Emeka Ogboh, wanda ya daɗe yana naɗar hayaniyar Legas, da kiran kwandastocin motocin haya da ihun masu talla, yana sanya ta a lasifika a biranen Turai domin mai wucewa ya ji wani gari a cikin garinsa. Akwai kuma mai aiki da alƙaluma. A 2018 wani masanin yanayi na Jami'ar Reading a Ingila, Ed Hawkins, ya ɗauki ma'aunin zafin duniya tun daga 1850 ya mayar da kowace shekara zara guda ta launi: shuɗi ga shekara mai sanyi, ja ga mai zafi. Babu lamba ko ɗaya a jikin hoton, amma duk wanda ya bi shi da ido daga hagu zuwa dama zai ga shuɗi yana gushewa, ja yana ƙara duhu. Mai saƙar tabarma ko mai ɗinkin hula zai fahimci wannan hoto kafin a gama yi masa bayani.

Dalilin da ya sa masu fasaha suka tsunduma cikin maganar muhalli yana nan kusa. Lalacewar muhalli a hankali take tafiya, kamar zaizayar gaɓar kogi, kuma harshen da masana ke bayyana ta da shi harshen ma'auni ne da kaso cikin ɗari. A kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina, hukumar kula da yanayin ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, kuma tana bayyana wuraren da ake fargabar ambaliya, amma takardar da aka karanta a taron manema labarai a Abuja ba ta cika isa kunnen matar da ke soya ƙosai a Rafin Guza da siffar da za ta taɓa ta ba. Gani ya kori ji. Aikin mai fasaha shi ne ya samo wa alƙaluma jiki, abin da ido zai gani, kunne ya ji, hannu ya taɓa.

Misalin da aka fi ambata shi ne na mai fasahar nan Olafur Eliasson. A watan Disamba na 2015, lokacin babban taron sauyin yanayi na Paris, shi da masanin ƙasa Minik Rosing sun kwaso manyan dunƙulen ƙanƙara 12 da suka ɓalle a tekun Girinlan, suka jera su a wani dandali na birnin cikin da'ira kamar fuskar agogo, suka bar su suna narkewa. Mutane sun zo sun dafa, wasu sun kara kunne suna sauraron fashewar iskar da ta daɗe a kulle a ciki. Aikin ya girgiza zukata, ban musa ba. Amma ina da tambaya biyu a kansa. Ta farko, an ɗauko ƙanƙarar ne cikin akwatunan sanyi, a jirgin ruwa da manyan motoci, wato an ƙona mai domin a yi gargaɗi a kan ƙona mai. Ta biyu, wadda ta fi damuna, ita ce matsayin mai kallo: ya taɓa, ya ɗauki hoto, ya tafi gida, kuma da ya zo da bai zo ba, ƙanƙarar narkewa za ta yi yadda aka tsara.

A kwatanta wannan da abin da aka yi a Helsinki, babban birnin Finlan, a watan Fabrairu na 2008. Wasu masu fasaha biyu, Helen Evans da Heiko Hansen, sun haska koren haske mai ƙarfi a jikin tururin da ke fita daga bututun wata tashar lantarki mai amfani da kwal, suka zana iyakar gajimaren a sararin sama da dare. An haɗa na'urar hasken da alƙaluman wutar da unguwar ke sha a wannan lokaci, ta yadda idan mazauna suka rage amfani da wuta, koren gajimaren sai ya ƙara girma. A daren ƙarshe aka roƙi mutane su kashe kayan wutarsu na awa guda su fito waje su duba. Wanda ya kashe fitilar ɗakinsa ya ɗaga kai ya ga sakamakon hannunsa a sama, haɗe da na maƙwabtansa. A nan jama'a suna cikin injin aikin. In an cire su, babu abin kallo.

Wannan bambanci shi ne zuciyar maganar. Kalmar "tare da jama'a" ta zama ado a bakin masu neman tallafi, alhali tana da hawa-hawa. Akwai inda ake barin mutum ya danna maɓalli ko ya shafa allo, hoto ya motsa. Akwai inda ake karɓar muryarsa ko hotonsa a zuba cikin aikin da wani ya riga ya tsara. Sannan akwai inda shi ne yake zaɓar tambayar tun farko, yana da ikon cewa a cire wannan, a ƙara wancan, kuma idan an gama abin yana nan a hannunsa. A ganina wannan na ƙarshen ne kaɗai ya cancanci sunan, sauran kuwa gayyata ce zuwa kallo mai ɗan motsi.

Mu a wannan yanki mun ga dukkan fuskokin biyu tun kafin a haifi intanet. Dattawa suna tuna majigi, motar da gwamnati ke turowa ƙauye da farin ƙyalle da na'urar haska hoto, a nuna fim a kan tsafta ko noman auduga. Jama'a sukan cika dandali, amma magana daga sama take saukowa, kuma da gari ya waye mota ta yi gaba. A ɗaya ɓangaren akwai abin da sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya faro daga tsakiyar shekarun 1970, zamanin Michael Etherton, wanda Farfesa Oga Steve Abah da abokan aikinsa suka ci gaba da shi. Ɗalibai kan shiga Samaru da ƙauyukan kewaye su zauna da mutane, su ji damuwarsu ta taki ko ruwan sha ko gona, a gina wasa a kai, a yi shi da Hausa a fili. Wasan Manoma da Wasan Maska daga nan suka fito. Darasin da masu wannan aiki suka koya da kansu shi ne cewa kai wa ƙauye wasan da aka dafa a jami'a bai isa ba, sai manoman sun shiga sun taka rawar da kansu, sun tsayar da wasan sun ce ba haka abin yake faruwa ba. Duk matashin Kaduna da yake son haɗa waya da jama'a yana da wannan gado a nisan tafiyar awa guda a mota.

Ko ba a je jami'a ba, tashe yana nan. Daga goma ga watan azumi yara kan yi shiga, su bi ƙofa-ƙofa suna kwaikwayon halayen manya, masu gida suna amshi, suna dariya, suna ba da tukuici, kuma sau da yawa akwai gyaran hali a ƙarƙashin wasan. Gayya ma tana nan, inda gonar mutum ɗaya ke zama aikin gari. Shi ya sa idan aka ce in ba wannan nau'in fasaha suna da Hausa, zan kira ta fasahar gayya. Ma'anar ta yi daidai da abin da mai fasaha ɗan Jamus, Joseph Beuys, ya yi a birnin Kassel na Jamus a 1982, lokacin da ya jibge duwatsu 7,000 a gaban gidan baje koli, ya ce ba za a ɗauke ko ɗaya ba sai an dasa bishiya an kafa dutsen a gefenta. Tulin ya riƙa raguwa gwargwadon yadda mutanen gari suka ba da wuri da kuɗi da hannu, kuma ba a dasa ta ƙarshe ba sai 1987, bayan rasuwarsa. Babu kwamfuta a wannan aiki, amma tsarinsa shi ne tsarin koren gajimaren Helsinki.

Yanzu sai bashin da ita kanta na'urar ke ɗauke da shi, wanda masu sha'awar sabon abu ba su cika son a taɓo ba. Na taɓa halartar wani baje koli a nan cikin gari, inda aka haska hotunan kwararowar hamada a jikin bango. Ana tsakiyar nunawa aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta a bakin taga, hayaƙinsa ya cika ɗakin har wata baiwar Allah mai ciwon asma ta fita tana tari. Matasan da suka shirya abin sun yi iyakar ƙoƙarinsu da abin da ke hannunsu, kuma na tausaya musu, amma tun daga ranar na daina ɗaukar tambayar inda wuta za ta fito a matsayin ƙaramar magana. Tana cikin ma'anar aikin. Haka nan a duniya baki ɗaya: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa an zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Lokacin da kasuwar sayar da zanen dijital ta hanyar kirifto ta yi tashe, har aka sayi aikin wani mai zanen dijital da ake kira Beeple a kan dala miliyan 69 a watan Maris na 2021, wasu masu fasaha sun janye saboda yawan wutar da tsarin ke ci, kafin Ethereum, hanyar kirifto da ake yawan yin wannan ciniki a kanta, ta sauya hanyar aikinta a watan Satumba na 2022 ta rage shan wutar da fiye da kashi 99 cikin ɗari.

A wannan gaɓa Kaduna tana da abin da biranen da suka fi ta kuɗi ba su da shi. Wanda ya shiga kasuwar Panteka ya ga yadda ake narka tsohon alminiyam a zuba tukunya, a yanka ganga a fitar da murhu, a tayar da injin da aka yanke wa ƙauna, ya san cewa ilimin ba wa shara rai na biyu yana nan a hannun maƙera da 'yan bola jari. A Lome ta ƙasar Togo, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa na'urar da ke ƙera abu daga zanen kwamfuta da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da ya tsinto a juji. A Sabon Yelwa kusa da Kaduna, a 2011, ƙungiyar DARE ta gina gida da dubban robobin ruwa da aka ɗura wa yashi, gindin robobin ya fito a jikin bango kamar zanen ado. El Anatsui kuwa, ɗan Ghana da ya koyar a Nsukka tun 1975, da murafen kwalabe da wayar tagulla yake saƙa manyan zannuwansa, tare da hannayen matasa masu yawa. Saboda haka mai fasahar dijital a garin nan bai da hujjar jiran kaya daga waje kafin ya fara. Tsohuwar waya tana naɗar sauti, batirin kwamfutar da ta mutu yakan ɗauki caji daga farantin sola, lasifikar da aka jefar takan gyaru a rumfar mai rediyo. Ɗaliban Zariya da suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kiran da suka yi ke nan: a karɓi dabarar waje, a dasa ta a ƙasar gida.

Akwai wani haɗari da ya fi na hayaƙin janareta ɓoyuwa, wato a mayar da wahalar mutane kayan kallo. Hoton yaro a cikin kwata ko na tsohuwa a kan rufin gidan da ruwa ya mamaye yana saurin yawo a Facebook da Instagram, yana kawo yabo da tallafi ga wanda ya ɗauka, alhali mai fuskar bai san inda ta kai ba. A al'adarmu abin ya fi nauyi, domin cikin gida yana da hurumi, kuma matar aure da yawa ba za ta yarda a ga fuskarta ba ko da tana da labarin da ya fi na kowa muhimmanci. Ita ce ta san rijiyar da ta canza ɗanɗano, da nisan da ake zuwa neman itace yanzu, da yadda kuɗin gawayi ya tashi. Murya ba tare da hoto ba tana warware wannan, musamman idan mace ce ta shiga ta naɗa. A unguwar Kibera ta Nairobi, mai ɗaukar hoto JR ya buga idanun matan unguwar a 2009 a jikin leda mai kauri, aka shimfiɗa a kan rufin gidajensu, hoton ya zama kariya daga yoyo. A shekarar kuma matasan unguwar suka fara zana taswirar Kibera da kansu a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara mata bayani, suka sa famfuna da makarantu da asibitocin da taswirar hukuma ta bari fayau. Na fi ganin ƙimar na biyun, domin gwanintar ta zauna a hannun 'yan unguwa bayan baƙi sun tafi.

Tambayar inda aikin zai zauna ba sabuwa ba ce gare mu. Gumakan yumɓu na Nok, da aka fara tsinta a 1928 a ƙasar da yau take cikin Jihar Kaduna, da yawansu suna ƙasashen waje. Shafin Digital Benin da aka buɗe a watan Nuwamba na 2022 ya tattara bayanan kayan tarihin Benin fiye da 5,000 da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. Aiki ne mai daraja, amma yana tuna mana cewa abin da aka kwasa yana da wuyar dawowa. Muryoyin dattawan bakin kogi ma dukiya ce, kuma idan kwafinsu ɗaya tilo yana kan rumbun wani kamfani a Amurka, ko a kwamfutar wani baƙo da ya zo da tallafin wata shida, to an sake kwasar kaya ke nan ta hanya mai laushi.

Wani zai ce, to ina fasahar take a cikin tattara alamun ruwa, ai wannan aikin ma'aikatan safiyo ne. Amsar tana cikin siffar da aka ba abin. Jerin tsawon ruwa a takarda rahoto ne. Amma a ce an samu dogon bangon makaranta da daddare, aka haska layukan gidaje hamsin a kansa da ainihin tsawonsu, kowa ya je ya tsaya a gaban layin ya ga inda ruwan zai kai masa a jiki, muryar mai gidan tana fita daga lasifika tana faɗin abin da ya faru a daren, wannan ya zama wani abu dabam. Ana iya sa sautin garin da ya ɓace a tsakani, irin jiniyar masaƙun Kakuri da tsofaffin ma'aikata ke iya kwaikwaya da baki, tun daga masaƙar farko da aka buɗe a 1957. Zaɓen abin da zai zo gaba, da inda za a yi shiru, da tsawon lokacin da za a bar layi ɗaya a bango, shi ne aikin mai fasaha, kuma ba kowa ya iya ba.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin kogin shi ne ya fi dacewa da irin wannan gayya a Kaduna. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 mutane da yawa sun sauya mazauni, har kogin ya zama kamar iyaka tsakanin arewacin gari da kudancinsa, kuma akwai matasan da suka girma ba su san unguwannin tsallake ba sai da suna. Amma ruwan da ke shiga gidaje a Unguwar Rimi da Kigo shi ne yake shiga na Nasarawa da Barnawa, kuma ledar da aka zuba a magudana a sama ita ce take toshe ta wani a ƙasa. Bangon da ya jera layukan gaɓa biyu, da Hausa da Gbagyi da Turancin kasuwa, zai sa mutane su saurari juna a kan abin da babu gardama a cikinsa.

Da na koma wajen Baba bayan sati biyu, na tarar shi da jikansa sun riga sun yi nisa a shawara. Za a fara da sallama wajen mai unguwa. Ba za a ɗauki hoton cikin gidan kowa ba, katanga kawai. Ƙanwar yaron ce za ta shiga wajen mata da waya. Wanda ya rasa ɗan'uwa a ruwa shi kaɗai ne zai ambaci sunansa, in ya ga dama. Za a zuba komai a katin waya guda uku, ɗaya wajen mai unguwa, ɗaya wajen shugaban makarantar firamare, ɗaya a shagon yaron, domin duk mai so ya zo a tura masa ba tare da ya sayi data ba. Majigin da za a haska da shi na aro ne, batirin kuma sola zai caja shi da rana. Baba ya ƙara sharaɗi ɗaya, cewa a nuna abin kafin watan Agusta, domin daga nan kogin yake fara cika, kuma akwai sababbin maƙwabta da suka yi gini a ƙasan layinsa na tsakiya.